Saƙon Inna a Teburin Faransawa

Tun da na dawo daga Faransa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta bakin tashar Gazawa ba. Kafin in kai kofi baki wani zai ce, "Idi, da gaske ka ci dodon koɗi?" Wani ya ce, "An ce karnukansu ma tebur ake ba su?" Na ba da labarin ya fi sau ɗari, kuma na sani kowane karo dodon koɗin ƙara girma yake yi, don jiya na ji bakina yana cewa ya kai ƙwaryar fura. To ga shi a rubuce, in huta. Sai dai akwai inda ban taɓa kai ku ba a fada, domin wurin ba na dariya ba ne. Yau zan kai ku.

Kun san ƙungiyarmu ta manoman aya ce ta tura mu uku wajen baje kolin amfanin gona a Pari. Wannan shi ne dalilin da ke rubuce a takarda. Dalilin da ke cikin ƙirjina daban ne.

Wana, marigayi Yaya Habu, ya yi karatun aikin gona a Faransa tun ina ƙaramin ɗan lakol, wato makarantar boko. Ya auri Bafaranshiya, suka haifi ƴa mace, ya sa mata sunan mahaifiyarmu. Yarinyar tana da shekara shida auren ya mutu, ya dawo gida shi kaɗai, ya yi aiki a Agiye har Allah ya karɓi abinsa shekara uku da suka wuce. Ƴar tasa ba ta taɓa taka Nijar ba. Da aka aika mata da labarin rasuwar, layi ɗaya ta maido, na ta'aziyya, irin wanda ake rubuta wa maƙwabci.

Ranar da zan tashi na je Gangara sallama da Inna. Idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi, ƙanwata Rabi ce ke kula da ita. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Idi, ka san wautarka. Ba wauta na aike ka ba."

"Inna, ni da za ni ƙasar masu ilimi?"

"Rufe mini baki. Ka nemo mini takwarata. Ban ce ka ɗauko ta ba, na san ba akuya ba ce. Muryarta nika so in ji kahin in tahi. In ta ƙiya, ka dawo ka gaya mini ta ƙiya, kada ka yi mini ƙari."

Ta sa Rabi ta ɗaure mini kilishi da dakuwa da aya mai zaƙi a tsumma uku. Na fito ina dariya don kada su ga idona.

Hanyar Yamai kun san ta, ba sai na ɓata tawada ba. Taksin daji daga Gazawa zuwa Agiye, mu tara a kujerar mutum huɗu, rabin jikina a mota rabi a kan wani malamin lakol da bai ce uffan ba har muka sauka, sannan ya ce, "Alhaji, ka ba ni ƙafata in tafi da ita." A Maraɗi muka hau babbar kar, wato bas. Muna wuce Gidan Rumji taya ta fashe, muka zauna ƙarƙashin itacen bedi kusan awa biyu. Wata tsohuwa mai sayar da dafaffen ƙwai ta ji ana cewa Faransa za ni, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai wanga, da cikin nan naka za su bar ka ka shiga? Ai sai su ce mutum biyu ne." Na saya mata ƙwai biyar don ta yi shiru, ba ta yi ba.

A jirgi, ɗamarar kujera ta ƙi zagaye ni sai da aka kawo ƙari. Muka sauka wata ƙasa muka sake jirgi, muka isa Pari da hantsi. A nan ne na ga iyaka wadda ba ta da igiya, ba ta da ganga, ba ta da jandarma mai neman a gaisa. Ɗan sanda yana cikin akwatin gilashi, ya dubi fasfo, ya dube ni, ya sake duban fasfo. Na ce masa barka da aiki, ya iyali, ya sanyi. Bai amsa ko ɗaya ba. Ya buga hatimi kamar mai kashe kunama.

Ƴan duwan, wato kwastan, su ne suka yi mini ɓarna. Wata mata mai safar hannu ta kwance tsumman Inna, ta ɗaga kilishi da yatsu biyu tana tambaya mene ne. Na ce nama ne. Ta ce nama ba ya shiga. Na ce wannan ai ya daina zama nama tun bara, ya zama takarda. Ta yi murmushi, ta jefa shi a kwandon shara a gabana. Kilishin da Inna ta sa aka yo wa takwararta musamman. Dakuwa da aya suka tsira. Na tsaya ina kallon kwandon har abokan tafiyata suka ja ni.

Masauki, wajen Lawali na sauka, mutumin Agiye da ke aikin gadi a can shekara goma sha. Ɗakinsa yana hawa na shida, babu na'urar hawa, sai ƙafa. Kafin in kai sama na tuba daga zunuban da ban ma yi ba. Ɗakin kuwa, in ka yi miƙa sai ka nemi gafarar bango biyu. Amma ya dafa mini tuwon semo da miyar kuka a daren farko, Allah ya saka masa. Shi ne kuma ya nemo mini lambar ƴar Yaya Habu daga tsohon adireshin da na zo da shi. Ashe ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisan awa biyu a jirgin ƙasa.

Na kira ta da faransancina na ajin ƙarshe na firamare. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce ranar Asabar za ta shigo Pari, mu haɗu mu ci abincin rana a wani bistro, ƙarfe sha biyu daidai. Ta ce jirginta na komawa ƙarfe uku.

Lawali ya kwana biyu yana koya mini zaman tebur. Wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu. Kada in kira mai kawo abinci da tafi ko da tsaki. Kada in yi gyatsa. In tambayi ko da alade, ko da giya a miya. Duk ya koya mini, sai abu ɗaya da ya fi su duka, shi bai zo masa a rai ba, ni ma ban san in tambaya ba.

Bistro, ga masu tambaya, gidan abinci ne na unguwa, ba na manya ba. Amma wannan ya yi suna, don mun tarar da layi a ƙofa kamar ranar rabon taki. Turawa da kwat-kwat suna tsaye cikin sanyi suna jiran a ba su izinin cin abincin da za su biya. Ita ta riga ta kama mana wuri tun kwana uku.

Ban buƙaci a nuna mini ita ba. Tana tsaye gefen ƙofa, doguwa, ta sa hannu ɗaya a ƙugu, ta karkata kai gefe. Tsayuwar Yaya Habu ke nan in yana jiran mota a bakin gudron, titin kwalta. Ta miƙo fuska irin gaisuwarsu ta kumatu, ni kuma na haɗa hannu biyu a ƙirji na rusuna, muka tsaya haka kamar zakaru biyu da ba su san wa zai fara ba. A ƙarshe ta ba ni hannu.

Ciki kuwa, tebura a manne da juna, gwiwata tana gaisawa da gwiwar wani tsoho da ban sani ba. Ƙarƙashin kujerarsa kare ne kwance, ya fi wasunmu ladabi. Sunayen abinci a allo aka rubuta da alli kamar a lakol. Garson, wato mai kawo abinci, dattijo ne mai gashin baki, da farin zane ɗaure a ƙugu, yana ɗauke da faranti shida a hannu ɗaya. Ya ce mana teburin namu ne har ƙarfe biyu saura kwata, bayan nan akwai masu shi. Na ɗauka raha yake yi. A ina aka taɓa ba mutum wa'adin cin abinci?

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ta taga mutanen layi suna kallonmu muna kallonsu, babu wanda ya ce musu bismilla. Ni da bakina ya saba, na ɗaga burodi na yi wa wani mai hula alama. Ya juya baya.

Na ba ta dakuwa da aya, na ba ta labarin kilishi. Ta yi godiya, ta ajiye su a jaka ba ta buɗe ba.

Aka kawo na farko. Dodon koɗi ne guda shida a faranti mai ramuka, da man shanu da tafarnuwa. Gaskiyar girmansa, tunda na yi alkawari, bai wuce kan babban yatsa ba. An ba ni wani ƙarfe kamar na cire haƙori in riƙe shi. Na matsa, ya kuɓuce, ya tashi sama, ya sauka gaban karen nan. Karen ya sansana ya kau da kai. Na ce wa ƴar wana, ko shi ya san ba abinci ba ne. Ta ɗan yi dariya, dariyar farko. Na ci biyu. Kamar ƙundun kaza ne da ya yi karatu.

Ta ajiye cokali ta ce, "To, Tonton, me ya kawo ka?" Tonton shi ne baffa a bakinsu.

Na ce baje koli, na shiga ba ta labarin yadda Turawa suke tauna aya suna neman inda za su tofar.

Ku da kuke karantawa kun san dalili. A gidanmu ba a ɗora magana mai nauyi a kan abinci. Baƙo ya ci, ya sha ruwa, ya wanke hannu, a kau da kwano, sannan a ce, to, abin da ke tafe da ni. Balle maganar mamaci. Wa zai ambaci mutuwar uba ga ƴarsa da loma a bakinta? Ni a ganina ladabi nake yi mata. Ban san cewa a wurinsu teburin shi ne zauren ba. A kan faranti suke neman aure, a kan faranti suke rabuwa, a nan suke faɗin abin da ya dame su. Wanda ya zauna da kai har aka kau da faranti bai ce komai ba, to ba shi da abin cewa.

Aka kawo na biyu. Ni kifi, faranti kamar faifai, kifin a tsakiya kamar an manta da shi. Ita nama, da ta yanka jini ya biyo wuƙa. Na ce a Gazawa in aka kai wa likitan dabbobi wannan zai iya tashinsa. Ba ta yi dariya ba. Ta sake cewa, "Akwai wani abu da kake son gaya mini?" Na ce akwai, amma ta ci tukuna. Ta dubi agogo. Ni kuwa na ci gaba da zuba, labarin ɗamarar jirgi, labarin tsohuwar Gidan Rumji, ina jiran a kau da kwano. Kwanon Faransa kuwa ba ya ƙarewa. Ana ɗauke wannan ana kawo wancan. Aka kawo cuku mai kore-kore a jiki, wanda in matata ta gan shi a ɗaki sai ta wanke ɗakin da toka. Aka kawo mai zaƙi. Aka kawo gahawa a kofi kamar na wasan yara.

Ina cewa alhamdu lillahi, yanzu za a fara magana, sai ga mai gashin baki ya tsaya a kanmu yana duban ƙofa. Ita kuma ta riga ta sallame shi, ta miƙe tana sa kwat.

"Na gode da ka zo," in ji ta. "Na zaci an aiko ka da wani abu. Ba komai. Kai ma kamar mahaifina kake. Awa biyu muna zaune, ka ce mini ke, ka ce mini ƴata, ka ce mini madam. Ko sau ɗaya ba ka faɗi sunana ba."

Na ce, "Sunanki?"

"Shi ma haka. In ya kira waya sai ya ce, ke ce? In ya rubuto wa mahaifiyata sai ya ce, ya yarinyar? Ina ƙarama, ko a gaban abokansa ba ya ɗaukata. Shi ya zaɓa mini sunan, amma ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na daɗe da gane abin da hakan yake nufi."

Jama'a, sai a lokacin na gane. Shekara talatin yarinyar nan tana ɗauke da wannan, kuma abin da ta ɗauka ƙiyayya, a wurinmu shi ne ƙarshen girmamawa.

Na ce wa garson, ina ba shi girma irin nasu, "Mushe, ka yi mini minti goma, don girman iyayenka." Ban san ko faransancin ya fita daidai ba. Ya dubi fuskarta, ya dubi tawa. Ya ɗauki butar ruwa ya cika mana kofuna, ya tafi ƙofa ya ce wa masu jira wani abu, suka hau gunaguni. Bai sake waiwayarmu ba.

Na ce, "Zauna, ƴata. Ni ma ba zan iya faɗin sunanki ba, ko za a yanka ni. Sunan uwata ne. A wurinmu ɗa ba ya kiran sunan uwarsa, ko a bayan idonta, ko a jikin wani. Ubanki ya ɗauki sunan da ya fi kowane nauyi a bakinsa ya ɗora miki, ya san daga ranar ya hana kansa kiranki. Ga shi kuma ke ce ta fari. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane. Kunya ce. Ni ma ɗana na fari yanzu yana da gemu, ban taɓa kiransa da sunansa ba."

Ta zauna a bakin kujera, kwat a jiki. Ta ce, "Wannan bai bayyana dalilin da ya sa ya tafi ya bar ni ba."

Na ce, "Bai bayyana ba. Ya yi kuskure a nan, kuma ya sani. Ba zan wanke shi ba. Ni mutum ne mai ƙari a magana, duk garinmu sun sani, amma abin da zan gaya miki yanzu babu ƙari ko na ƙwayar gero."

Na gaya mata ranar Yaya Habu ta ƙarshe a asibitin Maraɗi. Muna kewaye da gadon, Inna tana zaune a tabarma. Ya kwana biyu bai yi magana ba. Da la'asar sai ya buɗe baki ya kira sunan, ƙarara, sau uku. Duk muka sunkuyar da kai don kunya, Rabi ta ce zafin ciwo ne ya sa yake kiran Inna da suna. Inna ta ce, "Ku yi shiru. Yaron da ya shekara sittin bai hwaɗi sunana ba, ba yau za ya hwara ba. Ba ni yaka kira ba."

Ban san lokacin da tsohon da ke gefenmu ya daina tauna ba. Ita ba ta yi kuka mai sauti ba. Ta ɗauki tsumman goge baki ta danne fuskarta da shi, kafaɗunta suna motsi. Na bar ta. Da ta sauke, na ce, "Tsohuwar nan ita ta aiko ni. Ba ta gani, kuma kwananta ba su da yawa. Ba ta ce ki zo ba. Muryarki take so ta ji. In kin ƙi, ta ce in koma in gaya mata kin ƙi."

Ta ce, "Me ya sa ba ka faɗa tun da muka zauna ba?"

Na ce, "Kina cin abinci."

Ta dube ni kamar za ta jefe ni da kofi. Sannan ta ce, "Ba na jin Hausa ko kalma ɗaya."

"Ita ma ba ta jin faransanci ko kalma ɗaya. Kun yi daidai."

Muka fito muka ba masu tebur teburinsu. A bakin titi, cikin sanyi, kusa da layin masu jira, na kira Rabi. Sau biyu ba ta shiga ba, kun san Gangara da waya. A na uku ta ɗauka, na ji tana gudu tana cewa, "Inna, Inna, ga Idi." Na ji numfashin tsohuwa.

Na ce, "Inna, ga ta."

Na miƙa mata wayar. Ta riƙe da hannu biyu, ta ce "Alo." Daga can na ji Inna ta ce, "Takwara? Ke ce? Ke da kin ka ƙwace mini suna kin ka gudu da shi?" Na matso zan fassara, ƴar wana ta ɗaga mini hannu in tsaya. Ta faɗi sunanta a wayar, a hankali. Inna ta maimaita shi. Suka ci gaba, kowace da harshenta. Jirgin ƙarfe uku ya tafi ba da ita ba, sai na biyar ta hau.

Ba ta yi mini alkawarin zuwa ba, ni ma ban roƙa ba. Na dawo ta hanyar da na bi, na sauka Gangara kafin in je gidana, na ba Inna rahoto ba ƙari, har da kilishi. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da mai safar hannu.

Yanzu kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci waya tana shigowa. Makon jiya ina Gangara aka kira. Inna tana ta zuba Hausa, tana ba ta labarin geron bana da ciwon gwiwa, waccan tana amsawa da faransanci, kowace ba ta san me ɗaya take cewa ba, sun fi rabin awa. Na ga abin ya yi yawa, na durƙusa na ce, "Inna, kawo in fassara muku."

Ta janye wayar ta manna a ƙirji.

"Hita waje, Idi. Ba da kai muke ba."